Jagora Ga Mai Hadda: Yadda Karatu Ke Zubowa a Gaban Alƙalai

Duk shekara idan lokacin musabaƙa ya zo, abu guda muke ta gani. Yaro ya haddace izu ashirin sarai, a gida yana kawo su babu gargada, amma da ya zauna gaban alƙalai aka ja masa farkon aya, sai ya yi layi uku ya cije. A buga ƙararrawa, ya koma baya, ya sake cijewa a wurin. Iyaye su ce baki ne, abokai su ce tsoro ne, malami ya ce tilawa ce ta yi ƙaranci, a ƙara masa awowi. Sau da yawa matsalar tana cikin yadda aka shirya shi. Ya haɗa ayyuka biyu da ba sa zama inuwa ɗaya, wato gyaran karatu da zuba karatu. Dalilin rubuta wannan jagora ke nan ga ɗalibai maza da mata, da ƙananan malamai da ke shirya su.

Wanda ya daɗe yana tilawa ya san wani hali da kan zo masa wani lokaci. Aya tana jawo aya, harshe ya yi laushi, ba ya jin zafin zama, ba ya tunanin wane ne ke saurarensa, sai ya ɗaga kai ya ga hantsi ya yi. Masana halayyar ɗan Adam sun yi nazarin wannan hali na nutsewa cikin aiki. Wanda ya fi shahara a kansa shi ne Mihaly Csikszentmihalyi, ɗan asalin Hangari da ya koyar a Jami'ar Chicago ta Amurka, ya rasu a 2021. Ya tattauna da masu hawan duwatsu, da likitocin tiyata, da gwanayen wasan dara irin ta Turawa, ya wallafa sakamakon a 1975. Bayan haka ya riƙa ba mutane 'yar na'ura mai ƙara, tana bugawa sau da dama a yini, duk lokacin da ta buga su rubuta abin da suke yi da yadda suke ji. Abin da ya fito fili shi ne halin yana da sharuɗɗa uku: mutum ya san ainihin abin da yake nufin yi, ya riƙa gane nan take ko yana kan daidai, sannan nauyin aikin ya yi daidai da ƙarfinsa. Aikin da ya fi ƙarfin mutum fargaba yake haifarwa, wanda ya yi masa sauƙi ƙwarai kuma gundura.

Kada a ɗauki wannan hali a matsayin khushu'i. Khushu'i al'amari ne na zuciya tsakanin bawa da Ubangijinsa, ba kuma a auna shi da santsin harshe. Abin da nake bayani a kai ƙwarewa ce, kuma ana koyon ta. Amfaninta ga mai karatu shi ne idan harshe ya daina tuntuɓe, zuciya ta sami sararin kula da ma'ana.

Abubuwan da za ka tanada

Mus'hafi guda ɗaya, wanda ba za ka canja ba. Bugun Madina na ruwayar Hafsu yana da shafi 604, layi 15 a kusan kowane shafi, kuma kowane shafi yana ƙarewa da ƙarshen aya. Ido yana haddace wurin da aya ta zauna, ko a sama ko a ƙasa, a dama ko a hagu. Mai yawo tsakanin bugu biyu, ko tsakanin takarda da waya, yana rushe wannan da hannunsa. Idan da Warshu ka tashi, ka tsaya a kai har ka gama shirin, kada ka cakuɗa ruwaya biyu a lokaci guda.

Mai saurare, malami ko abokin karatu da ya fi ka, wanda ba ya jin nauyin gaya maka ka yi kuskure. Wannan shi ne mafi tsada cikin kayan aikin, domin kunnenka ya saba da kurakuranka har ya daina jin su.

Ƙaramin littafi da fensir na rubuta kurakurai, agogo wanda ba na waya ba, abin ɗaukar murya, da wurin zama guda da aka san ka da shi. Sai barci isasshe, wanda na sa cikin kayan aiki da gangan.

Mataki na 1: Ka auna haddarka, Mus'hafi a rufe

Kafin komai, ka bi abin da ka haddace sumuni-sumuni a gaban mai saurarenka, ka raba shi gida uku: mai ƙarfi, wanda ka kawo ba tare da an ja maka baki ba, mai rawa, wanda ka kawo da tsayawa ɗaya ko biyu, da mai rauni, wanda sai an tallafe ka.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne aunawa da Mus'hafi a buɗe. Ɗalibi ya karanta shafi sau goma yana kallo, ya ji ya zauna masa daram, alhali ido ne ya saba, ba hadda ba. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada wannan. Wasu ɗalibai sun yi ta maimaita karanta wani rubutu, wasu sun karanta a zama ɗaya sannan aka yi ta sa su kawo shi da ka. Bayan mako guda, masu kawowa da ka sun tuna kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaita kallo kuwa kusan kashi 40, kuma su ne suka fi amincewa da kansu tun farko. Malamanmu na allo sun riga sun san haka, shi ya sa ba a wanke allo sai an kife shi an biya.

Mataki na 2: Ka raba zamanka biyu

Idan ba ka ɗauki komai daga wannan jagora ba, ka ɗauki wannan. Zaman gyara daban, zaman zuba karatu daban, kuma kada su haɗu a lokaci guda.

A zaman gyara kana farautar kuskure. Kana tsayawa, kana komawa baya, kana lura da inda harshe ya taɓa wajen fitar da harafi, kana ƙirga tsawon madda. Zama ne mai gajiyarwa, kuma babu nutsewa a cikinsa. Anders Ericsson da abokan aikinsa, da suka yi nazarin ɗaliban wata makarantar kiɗa a Berlin a 1993, sun nuna cewa irin wannan atisaye mai wahala shi ne ke bambanta gwani da na tsakiya, kuma sun faɗa ƙarara cewa ba abu ne mai daɗin yi ba. A zaman zuba karatu kuwa, kana sakar wa abin da ka riga ka gina hanya ya fito, ba ka tsayawa bincike.

Me ya sa ba za a haɗa su ba? A 2002 Sian Beilock da abokan aikinta sun sa 'yan ƙwallon ƙafa su ja ƙwallo tsakanin alamomi. Da aka ce wa ƙwararru su lura da gefen ƙafar da ke taɓa ƙwallo, sai saurinsu ya ragu, ba kamar lokacin da aka ɗauke hankalinsu da sauraron wasu kalmomi ba. Sababbin shiga kuwa lurar ta taimake su. Abin da ya fi jan hankalina shi ne da ƙwararrun suka koma amfani da ƙafarsu mai rauni, sai lurar ta amfane su su ma. Ke nan abin da bai nuna ba yana son a sa masa ido, abin da ya nuna kuwa sa ido ɓata shi yake yi. Dubi mata masu lugude a turmi guda: muddin hannu yana tafiya da kansa, taɓare ba sa haɗuwa, amma da ɗaya ta tsaya tunanin yaushe za ta sauke tata, sai a ji karo.

Yaron da ya cije gaban alƙalai, a mafi yawan lokuta, ya shiga zaure ne da halin gyara. Bai taɓa koyon zuba karatu ba, domin duk zaman da ya yi a rayuwarsa ana katse shi a kowane layi. Akwai kuma kishiyarsa, wanda ya ɗanɗana daɗin zubowa ya ƙi komawa gyara. Kullum yana cikin surorin da ya iya, muryarsa na tashi, yana jin ya yi aiki, raunin da ke izu na sha bakwai kuwa yana nan yana jiran ranar musabaƙa. Daɗin karatu ba shaida ba ne cewa karatun daidai ne. Ana iya nutsewa sosai a cikin kuskure, a maimaita shi sau ɗari har ya kafu.

Mataki na 3: Zaman gyara

Ka sa shi lokacin da kanka ya fi sabo, ga yawancin mutane bayan sallar Asuba. Ka ɗauko daga kashin mai rauni da mai rawa kawai. Kada zama ɗaya ya wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gwanayen da Ericsson ya yi nazari a kansu ba sa wuce kimanin awa huɗu a yini na irin wannan aiki, a rarrabe, kuma sun fi sauran yin barcin rana.

Kuskure yana da matsuguni, ba ko'ina yake zama ba. Ka neme shi a mahaɗa: ƙarshen shafi da farkon na gaba, ƙarshen sumuni da farkon wani, ƙarshen aya mai kama da wata. Kada ka maimaita shafi gaba ɗaya saboda kalma guda. Ka ɗauki ayar da ke gabanta da wadda ke bayanta, ka yi ta ƙulla su har su kama.

Mutashabihai su ne ramin da aka fi faɗawa, kuma nan ya kamata ka daɗe. Aya ta 58 a Baƙara da ta 161 a A'arafi, a ƙidayar Hafsu, labari guda suke bayarwa na umartar Banu Isra'ila su shiga alƙarya, amma umarni biyun da ke ciki sun sauya wuri. Ka rubuta su gefe da gefe a littafinka, ka ja layi a inda suka rabu. Abin da ya fi layi ƙarfi shi ne ma'ana. A aya ta 151 ta An'ami da ta 31 ta Isra'i an hana kashe 'ya'ya saboda talauci. A ta farko an gabatar da arzikin iyaye, a ta biyu an gabatar da na 'ya'ya. Malaman tafsiri sun yi bayanin cewa a An'ami talaucin ya riga ya samu, a Isra'i kuwa tsoronsa ake yi nan gaba. Wanda ya fahimci wannan da wuya ya sake haɗa su. Alarammominmu na tsangaya sun daɗe da ilimin harji, suna sanin sau nawa lafazi ya zo da inda ya zo. Idan akwai irinsu kusa da kai, ka je ka durƙusa.

Don gyaran furuci, ka saurari makaranci mai natsuwa irin Shaihu Mahmud Khalil Husari, wanda ya fara naɗar Alƙur'ani cikakke da murattali a Masar a 1961. Ka saurare shi don harafi da madda da waƙafi, ba don ka ari muryarsa ba. Ɗalibin da hankalinsa ke kan yadda zai yi kama da wani shehi ya riga ya raba hankalinsa biyu.

Mataki na 4: Zaman zuba karatu

A nan za ka gina sharuɗɗan nan uku na nutsewa da hannunka. Ka ɗauko daga kashin mai ƙarfi, ka haɗa da ɗan kaɗan daga mai rawa. Ka yanke iyaka kafin ka fara: daga nan zuwa can, da wannan saurin, ba tsayawa. "Zan ɗan yi tilawa" ba manufa ba ce, hankali ba ya samun abin kamawa a cikinta.

Ka roƙi mai saurarenka kada ya katse ka. Ya riƙe fensir, ya sa alama a inda ka yi kuskure, ya yi shiru, sai idan ka tsaya cak ko ka ɓata ma'ana ɓatawa mai muni. Bayan an gama sai ya nuna maka, ka kwashe su zuwa zaman gyara na gobe. Malamai da yawa wannan yana yi musu wuya, domin sun saba kuskure bai wuce su ba. Amma kuskuren bai wuce ba, ajiye shi aka yi zuwa lokacinsa.

Idan ka ji hankalinka yana yawo, kana karatu kana tunanin kasuwa, aikin ya yi maka sauƙi. Ka ƙara masa nauyi: a ja maka daga tsakiyar shafi maimakon farkon sura, ko ka rage sauri zuwa tartili sosai, wanda ya fi gudu wuya ga mai hadda, ko ka kai shi cikin nafilar dare inda babu Mus'hafi a hannu. Surori masu maimaita aya, irin Rahman da ayarta ke dawowa sau 31, suna buƙatar farkawa ta musamman, domin harshe kan tsallake daga wannan maimaici zuwa wancan. Idan kuma ka ji ƙirjinka ya ɗaure, kana tsoron layin da ke tafe, aikin ya yi nauyi. Ka rage, ka mayar da wannan sumunin wurin gyara.

Mataki na 5: Mashigar zama

Hankali ba ya juyawa nan take. Sophie Leroy ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar wani aiki, musamman wanda bai kammala ba, wani ɓangare na hankalinsa yana maƙale a can, kuma hakan yana rage ingancin aikin da ya koma. Wanda ya ajiye WhatsApp ya buɗe Mus'hafi a minti guda, rabinsa ne ya zauna. Ka bar wayar a wani ɗaki. Gardawan da ke fita kiskadi bayan gari sun fahimci wannan tun kafin a ƙera waya.

Ka tsara mashiga guda da ba ta canjawa: alwala, wurin zama, niyya, isti'aza, sannan shafi ɗaya da ka fi iyawa don harshe ya warware. Mintunan farko kan zo da nauyi, kada ka yanke hukunci a kansu. Kada kuma ka zauna kana leƙen ko nutsewar ta zo, domin leƙen kansa yana kore ta. Wata rana za ta zo, wata rana ba za ta zo ba, kuma karatun ranar da ba ta zo ba yana nan da amfaninsa.

Mataki na 6: Ka saba da idon mutane

Musabaƙar ƙasa da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta fara shiryawa a 1986 ana hawa ta ne daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, kuma kowane hawa yana da taronsa da lasifikarsa da alƙalansa. Wanda bai taɓa karatu ba sai a ɗaki shi da malaminsa, ranar zai fara jin muryarsa tana dawo masa daga bango.

A wani gwaji na 2001, Beilock da Thomas Carr sun horar da wasu mutane wasan golf ana ɗaukar su da kyamara, aka ce musu ƙwararru za su duba. Da aka zo gwaji mai matsi, waɗannan ba su rikice ba kamar waɗanda suka yi atisaye su kaɗai. Saboda haka ka shirya musabaƙar gwaji aƙalla sau ɗaya a mako. A sa kujera, a kawo lasifika, mutum uku su zauna a matsayin alƙalai, a rubuta tambayoyi ka zaɓa, a buga ƙararrawa ta gaske. Ka fara da abokai, sannan gaban makaranta, sannan gaban baƙin da kake jin kunya. Hatsarin da ke nan shi ne wulaƙanci. Malamin da ke tsawa ko dariya ga yaron da ya cije yana koya masa tsoron kujerar ne, ba sabo da ita ba.

Mataki na 7: Hutu da lafiyar jiki

Barci yana daga cikin abin da ke kafa hadda, don haka kwana biyu ana raba dare kafin musabaƙa asara ce. Hutun Alhamis da Juma'a da tsangaya ta gada yana da hikima, kada ka cinye shi da sunan himma. Ka sha ruwa, ka daina karatu da ƙarfi idan murya ta fara dishewa. Wanda kuma ya ba ka shawarar ƙwaya irin tramadol don ka jure zama, ka nisance shi. Tana kama mutum, tana iya jawo farfaɗiya, kuma hankalin da kake son kaifafawa shi take fara dakushewa.

Mataki na 8: Ranar da za ka hau kujera

Kada ka buɗe sabon gyara a ranar, ko a daren da ya gabace ta. Abin da bai gyaru ba ya riga ya wuce, tono shi zai mayar da kai halin farautar kuskure ne kawai. Ka yi mashigarka yadda ka saba, ka karanta abin da ka fi ƙarfi a kai. Kada ka zauna kana bin karatun waɗanda suka riga ka kana gwada kanka da tambayoyinsu.

Bugun zuciya da gumin hannu ba alamar faɗuwa ba ne, jiki ne ke shiri, kuma kaɗan daga cikinsa yana ƙara kaifi. Idan ya yi yawa, ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, sau huɗu ko biyar. Da alƙali ya fara jan ayar, ka saurare shi har ya gama, kada ka yi rige-rige da shi. Ka ba hankalinka abu guda ya riƙe, kuma mafi kyau shi ne ma'ana: wa ake yi wa magana, me ake cewa. Hankalin da ya shagala da wannan ba shi da sararin sa wa harshe ido.

Idan ƙararrawa ta buga, ka tsaya, ka yi numfashi ɗaya cikakke. Ka koma farkon ayar, ko waƙafin da ke gabanta, ka taho da saurin da kake kai tun farko, domin sau da yawa harshe yana tsallake wurin idan ya zo da tafiyarsa. Kada ka tsaya a kan kalmar kana lalube, kada kuma ka fara lissafin makin da ya tafi, wannan aikin alƙalai ne. Idan an ja maka baki, ka karɓa ka wuce. Bayan ka sauka, kafin ka shiga hira da kowa, ka rubuta wurin da ka cije a littafinka, da ayar da ta ja ka zuwa wani wuri idan akwai, ka kai wa malaminka a zaman gyara na gaba.